Hawan keke kullum a tsakiyar hunturu, da kallon tsuntsaye a bakin hanya

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara da gajeriyar rana, yawancin masu keke suna jingine shi tun watan Nuwamba, sai Maris ko Afrilu su fito da shi su kakkaɓe ƙura. Wanda ya ƙudura cewa zai ci gaba da hawa kullum, kuma yana so ya riƙa tsayawa yana duba tsuntsaye, ya ɗauko abubuwa biyu da ba sa ga maciji da juna. Tuƙi yana so ka sa kaya marasa nauyi don kada gumi ya jiƙa ka. Kallon tsuntsu yana so ka tsaya cik, minti biyar ko goma, a inda iska ke kaɗawa. Duk shirin da ke tafe, tun daga taya har zuwa safa, na sasanta su ne.

Abin kuma yana yiwuwa. Birnin Oulu da ke arewacin Finlan, inda rana a tsakiyar watan Disamba ba ta kai awa huɗu a sama, yara suna zuwa makaranta a kan keke duk tsawon hunturu. A can aka yi taron farko na duniya kan hawan keke a lokacin sanyi, a shekarar 2013. Ba wani jini na daban ne da mutanen Oulu ba. Hukumar birnin ce ke share manyan hanyoyin keke da sassafe, ta bar dusar ƙanƙara a daddanne yadda taya za ta kama. Wanda ke zaune inda ba a yin wannan hidima, shi zai cike giɓin da dabara.

Zaɓi hanya tun sanyi bai kankama ba

Kana bukatar hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta yau da kullum, mai ɗaukar minti ashirin zuwa arba'in. Ta biyu gajeriya ce, minti goma ko sha biyar, wadda za ka bi ranar da gari ya ɓaci ko jiki ya yi nauyi. Wannan gajeriyar ita ce ke riƙe da kalmar "kullum", domin ranar da ka ce ko doguwar ko babu, babu ce za ta yi nasara.

Bi kowace da rana tsaka, a hankali, kana lura da wuraren da za su zama tarko idan ruwa ya daskare. Gada ita ce ta farko: iska na ratsa ta sama da ƙasa, saboda haka tana daskarewa kafin sauran titi. Sai kwanar da bishiyoyi ko dogon gini suka yi wa inuwa, wadda rana ba ta taɓawa. Sai gangara mai ƙarewa a mahaɗar hanya, murfin ƙarfe na magudanar ruwa, layin dogo da ya ratsa titi, da farin fentin da ake shata hanya da shi. Ka haddace su, don a duhun safiya ba za su yi maka sallama ba. Birane da yawa suna wallafa taswirar hanyoyin da ake fara sharewa da zuba wa gishiri don narkar da ƙanƙara. Nemo ta garin da kake, ka ɗora hanyarka a kanta ko da za ta ƙara maka tsawo.

A wannan zagayen ne kuma za ka zaɓi wuraren tsayawa. Biyu sun isa, uku sun yi yawa ga mai zuwa aiki. Nemi ruwan da ba ya daskarewa, kamar kogi mai gudu ko ƙasan madatsa, da wurin da ke da shinge mai duhu ko bishiyoyi masu 'ya'ya. Idan hawan na motsa jiki ne ba na zuwa wani wuri ba, ka fita kana fuskantar iska, ka dawo tana bayanka. Wanda ya yi akasin haka zai dawo da jiƙaƙƙiyar riga da gajiya, iska na dukan ƙirjinsa.

Taya

Kada ka fito da kekenka mafi tsada. Gishiri da yashin da ake zubawa a titi suna cin ƙarfe, don haka tsohon keke mai ƙwari, mai ƙarancin giya, ya fi dacewa. Sa masa marufin taya na gaba da na baya, dogaye, masu saukowa ƙasa sosai. Su ke hana caɓi watsuwa a ƙafarka da bayanka da sarƙa.

Sai babbar tambaya, a sayi taya mai ƙusoshi ko a'a. Idan inda kake sanyin na ruwan sama ne da laka, daskarewa sai jefi-jefi, taya mai faɗi mai zane, daga milimita 35 zuwa sama, ta wadatar. Idan kuwa ma'aunin zafi yana yawo kusa da sifili na makonni, yau narkewa gobe daskarewa, to ka saya, kada ka yi ta lissafi. Babu robar da ke kama ƙanƙara mai sulɓi, komai zanenta. Ƙusoshin 'yan ƙanana ne, bakinsu na wani ƙarfe ne mai tsananin tauri, kuma taya ɗaya na iya ɗaukar daga ɗari da ɗoriya zuwa sama da ɗari uku. Masu ƙusoshi a layin tsakiya kawai sun dace da titin da ake sharewa. Masu ƙusoshi har gefe su ne na hanyar da sawun ƙafa da na taya suka daskare suka yi kunya-kunya.

Idan ɗaya kawai za ka iya saya, sa ta a gaba. Tayar baya in ta zame, sau da yawa kana iya sauke ƙafa ka tsira. Ta gaba in ta zame, kafin ka ankara kana ƙasa. Kamfanin Schwalbe mai yin tayoyin keke yana ba da shawarar a fara tafiyar kusan kilomita 40 a kan kwalta da sabuwar taya, ba tare da taka birki da ƙarfi ba, don ƙusoshin su zauna daram. Za ka ji tana ƙara a kan kwalta kamar ana soya wani abu a mai, kuma keken zai yi nauyi. Haka take, ba lalacewa ba ce.

Iskar taya ma abin kula ce. Ranar santsi ka rage ta zuwa kusa da mafi ƙarancin adadin da aka rubuta a gefen tayar, don ta baje ta kama ƙasa. Ranar da titi ya bushe ka ƙara. Ka tuna cewa iska na tsukewa a sanyi: tayar da ka bai wa iska a ɗaki mai digiri 20, idan ta fita waje mai digiri 10 ƙasa da sifili, za ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta. Yin faci kuwa da daskararrun yatsu azaba ce. Riƙe sabon tub da famfo, ka canza kawai, facin ya jira gida.

Fitila

A ranar 21 ko 22 ga Disamba, hasken rana a Landan bai cika awa takwas ba, a Helsinki bai kai shida ba. Ke nan ko fita ko dawowa, ɗaya zai faɗa cikin duhu. Dokar Birtaniya ta wajabta farar fitila a gaba, ja a baya, da abin ƙyalli ja a baya da ruwan ɗorawa a feda, daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. A Jamus doka ta ƙara da cewa kada fitilar gaba ta kashe wa mai tahowa ido, shi ya sa fitilunsu ke da haske mai yanke daga sama. Duba dokar ƙasar da kake, amma tsarin na Jamus abin koyi ne ko'ina: karkatar da fitilar ƙasa, ta haska titi, ba fuskokin mutane ba.

Batir yana saurin mutuwa a sanyi. Fitilar da ke yin awa huɗu a lokacin zafi tana iya mutuwa a rabin hanya. Ka sa biyu a baya, tunda ba ka ganin lokacin da ɗaya ta ɗauke. Wanda ya gaji da caji ya sa dinamo na cikin cibiyar tayar gaba, wanda ke ba da wuta muddin taya na juyawa. Abin ƙyalli a idon sawu ya fi na ƙirji amfani, domin motsin ƙafa sama da ƙasa ne ke sanar da direba cewa mai keke ne a gabansa.

Sutura: ka fita kana ɗan jin sanyi

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata lissafi. Suna tsayawa bakin ƙofa su sa kayan da za su ji ɗumi a tsaye. Minti goma da fara taka feda jiki ya ɗau zafi, gumi ya karyo, rigar ciki ta jiƙe. Ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Da zarar mutum ya tsaya, a danja ko a gaban tsuntsu, jiƙaƙƙiyar rigar nan ta koma masa abin sanyaya jiki. Ma'aunin da ya dace shi ne, a minti biyar ko goma na farko ka ji sanyi kaɗan. Idan ka ji daɗi tun daga ƙofa, kayan sun yi yawa, koma ka rage.

Rigar da ke manne da fata ta zama ta ulu ko ta yadin roba mai fitar da gumi. Auduga ba ta da wuri a nan, tana shan ruwa ta riƙe. A kanta sai riga mai riƙe ɗumi, kaurinta gwargwadon sanyin ranar. Daga waje sai jaket mai tare iska, mai zif a gaba da za ka iya zugewa da hannu ɗaya. Zif ɗin nan shi ne abin sarrafa zafinka: buɗe shi kafin ka fara hawa tudu, ba bayan gumi ya zo ba, ka rufe kafin gangara.

Akwai riga ta huɗu, wadda ba a tuƙi da ita. Jaket ce mai kauri marar nauyi, irin wadda ake cusawa a jaka ta dunƙule. Aikinta ɗaya, a sa ta a kan komai da zarar an tsaya kallon tsuntsu, a cire kafin a hau. Ka sa ta nan take, tun jikinka na da zafi. Idan ka jira sai ka fara rawar ɗari, ka makara, domin riga ba ta ƙirƙirar ɗumi, wanda ta tarar take tsarewa.

Gangar jiki takan kula da kanta. Yatsun hannu da na ƙafa da kunnuwa su ne ke shan wuya, saboda jiki na janye jini daga gare su don ya kare ciki, kuma su ne ke fuskantar iska. Lissafin hukumar yanayi ta Kanada ya nuna cewa digiri 5 ƙasa da sifili, da iska mai gudun kilomita 20 a awa, fata na jin sa kamar 12 ƙasa da sifili. Mai keke kuwa shi ke ƙirƙirar wannan iskar da kansa, ko da gari ya yi tsit.

Ga hannu, sa siririyar safar hannu a ciki, mai kauri mai tare iska a waje. Wadda ke haɗa yatsu bibbiyu ta fi mai raba su ɗumi, kuma tana barin ka kama birki. A sanyi mai tsanani akwai jakunkunan da ake ɗaurawa a kan keke, su rufe mariƙi da birki gaba ɗaya, mutum ya zura hannu ciki. Ba su da kyan gani ko kaɗan, amma ga mai kallon tsuntsaye babu kamarsu: hannu na fitowa da siririyar safa kawai, a shirye yake ya juya madubin hangen nesa. Ga ƙafa, takalmin ya zama mai yalwa, wanda ruwa ba ya shiga. Safa biyu a matsattsen takalmi sun fi safa ɗaya sanyi, tunda suna hana jini gudu. Feda mai faɗi mai haƙora ta fi wadda ke maƙale takalmi, don ƙafa ta sauka da sauri. A ƙarƙashin hular kwano sa siririyar hula mai rufe kunne, da mayafin wuya da za ka iya ja zuwa hanci.

Tuƙi a kan santsi

Kafin ka fita duba hasashen yanayi, amma kada ka ce tunda an ce digiri 2 ko 3 sama da sifili babu ƙanƙara. Ana auna zafin iska ne a tsayin kusan mita biyu, ƙasa kuwa takan fi haka sanyi, musamman bayan daren da sama ta yi garau babu gajimare. Titin da ya yi baƙi yana sheƙi kamar an yayyafa ruwa, alhali tayarka ba ta fesa komai kuma ƙararta ta ɗauke, ƙanƙara ce. Gishirin titi ma ƙarfinsa na raguwa sosai idan sanyi ya kusa digiri 10 ƙasa da sifili.

Idan ka tsinci kanka a kai, kada ka yi komai da gaggawa. Kada ka taka birki, kada ka juya kai, kada ka miƙe tsaye a kan feda. Sassauta kafaɗa, miƙa ido inda kake son zuwa, bari keken ya gangara har ya wuce wurin. Rage gudu ana yin sa ne kafin kwana, a miƙaƙƙiyar hanya, da birkin baya fiye da na gaba. A cikin kwanar ka riƙe keken a tsaye gwargwadon iko, ka ɗauke ta da faɗi. Sauke sirdi da santimita ɗaya ko biyu yana taimakawa ƙafa ta kai ƙasa da wuri. Sabuwar dusar ƙanƙara marar zurfi ba ta da wuyar bi. Mai wuya ita ce wadda motoci suka tattake ta koma ruwan kasa, tana zamewa a ƙarƙashin taya, da kuma sawun da ya daskare. A nan sa giya mai sauƙi, zauna ka ba tayar baya nauyi, ka bar ta gaba ta ɗan yi rawarta.

Birkin da ke matse gefen wili yakan yi ƙanƙara, ka matsa ka ji babu komai na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Riƙa ɗan matsa shi lokaci-lokaci don ya share. Ka ba motoci tazara fiye da yadda ka saba, su ma birkinsu ba ya ci, gilashinsu kuma rabi a rufe yake. Ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan lokacin da tafiyar ke ɗaukar ka a lokacin zafi. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma ya sauka ya tura keke a wuri mai haɗari ya yi daidai, sai dai ya kula: tayarsa ce ke da ƙusoshi, takalminsa babu.

Yadda ake tsayawa

Doka ta farko, ba a kallon tsuntsu ana tafiya. Kunne na iya aiki, ido na titi ne. In ka ji ko ka hango wani abu, duba baya, ba da hannu, fita daga hanya gaba ɗaya, sannan ka ɗaga kai.

Tsuntsayen bakin hanya sun saba da abin da ke wucewa. Keken da ke tafiya bai dame su ba, wanda ya tsaya kwatsam a gabansu shi ne abin tsoro. Saboda haka ka wuce su da 'yan mitoci, ka tsaya a bayan bishiya ko shinge, ka juyo a hankali. Kashe fitilar gaba. Sa rigar nan ta huɗu, juya wa iska baya, in da hali rana ma ta kasance a bayanka, don ranar hunturu tana ƙasa-ƙasa, duk abin da ka kalla ta wajenta baƙin inuwa kawai za ka gani.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x32 ya fi dacewa da keke: 8 ɗin yawan kusantowa ne, 32 faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 8x42 ya fi tara haske da asuba amma ya fi nauyi, ƙananan na aljihu kuma suna duhu a ranar hazo. Kada ka rataye shi a wuya yana lilo kana tuƙi. Kada kuma ka cusa shi cikin riga, tururin jiki zai rufe gilashin da zarar ka fito da shi. Wurinsa jakar gaban keke, a naɗe cikin wani abu mai laushi, saboda jijjiga na iya karkatar da gilasan ciki har ka riƙa ganin abu biyu. In za ka kai shi ido, ka fitar da numfashi ƙasa. Waya kuwa akasin haka, aljihun ciki take so, kusa da jiki, in ba haka ba batirinta ya faɗi daga rabi zuwa sifili. Don rubutu riƙe fensir, tawadar biro tana ƙin fita a sanyi.

Minti biyar zuwa goma sun isa. Tashi tun kafin yatsu su fara mutuwa, cire rigar, ka taka feda da ɗan kuzari na mintunan farko.

Akwai haƙƙin tsuntsun ma. A hunturu kowane tashi da ya yi yana cin kitsen da zai kwana da shi. Tsuntsu mafi ƙanƙanta a Turai, mai zanen ruwan zinariya a ka, nauyinsa gram biyar ne zuwa shida, kuma kusan duk hasken rana a neman abinci yake ƙarar da shi. Ɗan tsuntsun Arewacin Amurka mai baƙar hula, wanda ake kira chickadee, har saukar da zafin jikinsa yake yi da kusan digiri goma da dare don ya yi tattalin ƙarfi. A Birtaniya idan daskarewa ta yi kusan mako biyu a jere, doka na ba da damar dakatar da harbin tsuntsayen ruwa saboda wannan dalili. Idan ka ga agwagi sun ɗaga kai gaba ɗaya sun fara ninƙaya suna nisa da kai, ka matso da yawa, ja da baya.

Abin da za ka gani

Tsattsewa da sauran masu cin ƙwari sun yi ƙaura zuwa kudu, da yawansu Afirka. Amma hunturu na da ribarsa: ganye ya zube, babu wurin ɓuya, kuma yunwa na tara tsuntsaye a 'yan wurare kaɗan. Ruwan da bai daskare ba shi ne kan gaba. A nan za ka sami agwagi iri-iri, mazansu cikin adonsu mafi kyau na shekara, da zalɓe a tsaye a gefe ya noƙe wuya. Manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya da rawaya a baki suna tasowa daga Ayislan su yi hunturu a Birtaniya da Ayalan. Za ka ga agwagwa tsaye a kan ƙanƙara ko a jikinta. Jijiyoyin ƙafarta suna manne da juna, jinin da ke sauka yana miƙa zafinsa ga wanda ke hawa, don haka ƙafar na zama da sanyi, jiki bai yi asara ba. A rafi mai gudu da duwatsu, nemi wani ɗan dunƙulallen tsuntsu mai farin ƙirji da ke rusunawa a kan dutse, sai ya faɗa cikin ruwan sanyin ya nutse yana neman tsutsa. Shi ne tsuntsun ƙasa na Norwe.

Wuri na biyu bishiyoyi masu jajayen 'ya'ya, ko da a wurin ajiye motoci ne. A wasu shekarun, idan 'ya'yan itace sun yi ƙaranci a dazuzzukan arewa, wani tsuntsu mai tukku da rawaya a bakin jela, wanda littattafan Ingilishi ke kira waxwing, yakan kwararo cikin garuruwa garke-garke. Suna iya cinye bishiya cikin kwana biyu su ɓace. Wannan ita ce fa'idar bin hanya ɗaya kullum: kai ne za ka san bishiyar da ta cika jiya, yau ta ragu.

A shinge da gefen daji, ƙananan tsuntsaye iri daban-daban suna haɗuwa su yi yawo tare. Wuri zai yi shiru, sai ka ji 'yan siraran kuka, nan da nan rassa sun cika, bayan minti biyu sun wuce. In ka ji su tafe, tsaya a gabansu su same ka. Robin na Turai, mai jan ƙirji, yana waƙa duk hunturu, mace da namiji, kowa na kare yankinsa, har a ƙarƙashin fitilar titi kafin gari ya waye. Da yamma hankaki suna bin layi ɗaya zuwa makwancinsu, kuma a wurare irin su Roma da gaɓar tekun Brighton a Ingila dubban ƙananan baƙaƙen tsuntsaye da ake kira starling suna murɗawa a sama kafin su sauka. Daga ƙarshen Janairu za ka fara jin tsuntsu mai ƙwanƙwasa itace yana buga ganga a busasshen reshe, tun dusar ƙanƙara na ƙasa.

Don gane su, manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell tana iya sauraron kuka ta ba da suna. Ka ɗauke ta a matsayin mai ba da shawara, tana kuskure, sai ido ya tabbatar. Abin da ka tabbatar kana iya shigar da shi eBird, rumbun bayanan da aka buɗe a 2002, inda lissafin wuri ɗaya da ake maimaitawa ke da daraja ga masu bincike. Akwai kuma ƙidayoyin tsuntsaye na hunturu da kowa ke iya shiga: ta lokacin Kirsimeti da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon a Amurka ke gudanarwa, wadda masanin tsuntsaye Frank Chapman ya fara a 1900, da ta takwararta RSPB a Birtaniya a ƙarshen Janairu, wadda aka fara a 1979.

In ka dawo gida

Minti biyar na nan su ne ke yanke hukuncin gobe. Kakkaɓe dusar ƙanƙara daga keken, goge sarƙa da tsumma, in ta bushe ka ɗiga mata mai na lokacin ruwa, ka goge rarar. Sau ɗaya a mako ka wanke gishirin da ruwa mai ɗan ɗumi a bokiti. Kada ka yi amfani da injin fesa ruwa mai ƙarfi, yana tura ruwa cikin boris. Duba robar birki a kai a kai, yashi na cinye ta da sauri.

Wurin ajiya mai sanyi kuma busasshe ya fi ɗaki mai zafi, sai fa idan keken zai kwana ya bushe sarai. Wanda aka shigar da shi na awa ɗaya, ƙanƙarar jikinsa ta narke ta shiga cikin wayar birki da ta giya, in an fito da shi sai ta daskare a ciki. Batir ne kawai ke shiga ɗaki, na fitila da na keke mai lantarki. Bari ya ɗumama kafin ka jona shi, domin cajin batirin litiyam a ƙasa da sifili yana lalata shi.

Sai ka shanya safa da takalmi, ka jona fitilu, ka jera kayan gobe wuri ɗaya bisa tsarin da za ka sa su, madubin hangen nesa a jakarsa. Da asuba, a cikin bargo, ba lokacin shawara ba ne. Yana da amfani ka riƙa rubuta layi ɗaya kowace rana: ma'aunin sanyi, abin da ka sa, inda ka ji sanyi ko gumi, da tsuntsayen da ka gani. Bayan 'yan makonni littafin zai riƙa gaya maka abin da za ka sa a digiri kaza.

Ranar da ba a fita

Akwai ta. Ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa, guguwar dusar ƙanƙara da ke rufe ido, iska mai ture mutum cikin titi, ko zazzaɓi da ciwon ƙirji. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyin da fata ke ji ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti goma zuwa talatin. Alamarta fata ta yi fari ko toka-toka, ta yi tauri, ba ta jin taɓi. Kada a murza ta, kada a kanga ta a wuta. A shiga ɗaki a tsoma ta a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, a nemi likita. Rawar ɗarin da ta ƙi tsayawa, da harɗewar harshe, da hannu ya kasa zuge zif, alamu ne na cewa zafin jiki ya faɗi, tafiyar ta ƙare a nan. Mai ciwon zuciya ko asma ya tuntuɓi likitansa tun farkon kaka, domin busasshiyar iskar sanyi na tsuke hanyoyin numfashi.

Idan rana ta fara tsawo, kada ka yi saurin cire taya mai ƙusoshi. Ƙarshen hunturu ne lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa da rana, ruwan ya malalo kan hanya, ya daskare da dare, daidai inda za ka bi da safe. Jira sai an yi mako ɗaya ko biyu darare ba sa sauka ƙasa da sifili. Sannan ka cire su, ka wanke, ka duba ƙusoshin da suka fita ka mayar da sababbi, ka auna sarƙa da ma'auninta. Idan ta miƙe fiye da kima ka canza ta kafin ta cinye haƙoran giya.